Ruwa dai an samu a Mars, to ina halittun?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Kusan duk shekara sai labari ya fashe a soshiyal midiya wai an gano ruwa a wata duniyar, kafin kace kwabo wasu sun ƙara masa gishiri sunce ai har halittu an gani, ga hoto nan an haɗa da kwamfuta ana ta turawa a WhatsApp. To bari mu zauna mu tsefe maganar nan yau.

Batun ruwa kam gaskiya ne, babu ja. Tun 2008 wata na'urar hukumar NASA ta Amurka mai suna Phoenix ta ɗan tona ƙasar Mars ta ga wani farin abu, bayan kwanaki kaɗan aka sake ɗaukar hoto sai ga shi ya ɓace, ashe ƙanƙara ce ta bi iska. A 2012 kuma motar binciken NASA mai suna Curiosity ta sauka a kwarin Gale na Mars ta tarar da tsakuwa masu sulɓi, irin wanda sai ruwa mai gudu ya daɗe yana mirgina su suke zama haka. Amma fa wannan ruwan ya yi gudunsa ne sama da shekara biliyan 3 da suka wuce, yanzu iskar Mars ta yi ƙaranci sosai, nauyinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, shi yasa ruwa ba ya iya kwanciya a fili, ko ya daskare ko ya zama tururi, shikenan.

Me yasa masana suke bin ruwan kamar masu neman zinari? Saboda a nan duniyarmu kusan duk inda aka samu ruwa, ko a ƙasan teku ne inda rana bata kaiwa, ko maɓulɓula mai tafasa, sai an tarar da ƙwayoyin halitta. Mu dama a wurinmu ba baƙon zance bane, yana nan a Suratul Anbiya aya ta 30 cewa daga ruwa aka yi duk wani abu mai rai. Sai dai samun ruwa daban, samun rai daban, kuma nan ne ake yawan zamewa.

Ku tuna 1996, har shugaban Amurka na lokacin Bill Clinton sai da ya fito gaban 'yan jarida akan wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika wai an ga sawun ƙwayoyin halitta a cikinsa, daga baya mafi yawan masana suka ce a'a, sinadarai kaɗai ma suna iya yin wannan siffar ba tare da rai ba. A 2015 NASA ta ce wasu baƙaƙen layuka da suke gangarowa daga tsaunukan Mars ruwan gishiri ne, a 2017 wani binciken ya ce da alama yashi ne kawai yake zubowa. Labarin farko kowa ya ji shi, na gyaran kuwa ba wanda ya tura ma wani.

Wanda ya fi ƙarfi zuwa yanzu shine na motar Perseverance da ta sauka a kwarin Jezero a Fabrairun 2021, wurin da a da tafki ne har da bakin kogi. A Yulin 2024 ta ci karo da wani dutse da suka sa wa suna Cheyava Falls mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, kuma a Satumban 2025 NASA ta sanar cewa ɗigon nan zai iya zama alamar rayuwar da ta shuɗe. Ku lura fa, zai iya zama suka ce. Ba za a tabbatar ba sai an kawo samfurin nan duniya an saka shi a ɗakin gwaji, shi kuwa yana can a rufe cikin bututu, kuma da aka yi lissafin kuɗin ɗauko shi sai da ya doshi dala biliyan 11, nan fa aikin ya fara tangal-tangal.

Abun mamaki mu nan Mars ta taɓa aiko mana da dutsenta kyauta. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa, daga baya aka gano iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da ta Mars. Na baya-bayan nan kuma wanda aka tsinta a yankin Agadez a 2023, wajen kilo 25, aka yi gwanjonsa a Niyok a Yulin 2025 akan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnatin Nijar ta ce sai an binciki yadda akai ya fita daga ƙasar, kuma ni dai ina ganin tana da hujja. Sai dai duka biyun duwatsu ne da suka fito daga narkakken dutse, ba laka bace ta gindin tafki, don haka ba su zasu amsa mana wannan tambayar ba.

In ruwa mai yawa ake nema yau, ba ma Mars bace gaba. Europa, ɗaya daga cikin watannin da suke zagaya duniyar Jupiter, ana ƙiyasin a ƙarƙashin ƙanƙararta akwai teku da ya ninka duk tekunan duniyarmu wajen sau biyu. Enceladus kuma, watan da yake zagaya duniyar Saturn, ɗan ƙarami ne faɗinsa kilomita 500 kacal amma yana feso ruwa sama ta tsagogin ƙanƙara, kumbon Cassini ya gano haka a 2005, daga baya ya ratsa ta cikin feshin ya samu gishiri da haidirojin, a 2023 kuma aka tabbatar har fosfaros akwai, kayan da rai yake buƙata kenan sun taru wuri ɗaya.

Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, sai 2030 zai isa Jupiter in Allah ya kaimu, kuma su kansu masu shi sun faɗa tun kafin ya tashi cewa ba rai zai je ganowa ba, zai duba ne ko tekun zai iya ɗaukar rai. Wanda zai sauka ya huda ƙanƙarar nan mai kaurin kilomitoci ya ɗebo ruwan, har yanzu ba a ma ƙera shi ba.