Sauran awa 166 na wa ne?

Mako ɗaya awa 168 ne. Idan mutum ya je sujada ran Lahadi ya yi awa biyu, ya rera waƙa, ya ji wa'azi, ya ba da baiko, sauran awa 166 ɗin fa, na wa ne?

Bari mu fara daga kalmar kanta. Kalmar ibada daga Larabci ta zo mana, kuma tushenta ɗaya da wata kalmar Ibrananci, abad. A Farawa 2:15, da Allah ya sa Adamu a gonar Aidan don ya noma ta, wannan kalma ce a rubuce. A Littafin Fitowa, da Musa ya tsaya gaban Fir'auna da saƙon Ubangiji cewa a saki jama'arsa su yi masa sujada, ita ce dai. A kunnen Ba'ibrane, aikin gona da bautar Allah kalma ɗaya ce.

Yanzu mu je Samariya, bakin rijiyar Yakubu, da tsakar rana. Yahaya sura 4. Wata mace ta zo ɗiban ruwa, ta tarar da Yesu zaune, a gajiye. Da hira ta yi zurfi har ta taɓo sirrin rayuwarta, sai ta jawo tsohuwar gardamar Samariyawa da Yahudawa. Kakanninmu a kan wannan dutse suka yi sujada, in ji ta, tana nufin Dutsen Gerizim, ku kuwa kun ce sai Urushalima. Wato a ina ne daidai? Yesu ya ce mata lokaci na zuwa, har ma ya yi, da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya. Ta tambayi wuri, ya ba ta amsa a kan zuciya.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa yana Matiyu 5:23 da 24. Ku ɗan hango mutumin. Ya taso daga Galili, tafiyar kwanaki a ƙafa, ya iso Haikali, ya bi layi, ga hadayarsa, ga bagade a gabansa. Can sai ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuciya. Yesu ya ce ya ajiye baikon nan a wurin, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna, sannan ya dawo. Ku lura, ba a ma ce shi ne yake fushi ba. Wani ne yake jin an yi masa ba daidai ba. Duk da haka hadayar sai ta jira.

Annabi Amos ya riga ya faɗi haka da kakkausar murya: Allah ya ƙi bukukuwan mutanen da ke danne matalauta, ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu.

To yaya abin yake ran Litinin? Mai saye ya ba ka kuɗi fiye da ƙima, ya juya ya tafi bai sani ba, babu wanda ya gani. Ka kira shi ka mayar masa. Maigidanka a wurin aiki ba ya nan, amma ka gama aikin kamar yana tsaye a kanka, domin Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da kuke yi, ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji. An fara gulmar wata a gabanki, kina da labarin da zai ƙara wa wutar mai, kika haɗiye shi. Wannan Bulus yake nufi a Romawa 12:1 da ya ce mu miƙa jikinmu hadaya rayayyiya. Jiki fa ya ce, har da hannu da harshe.

Kada wani ya ce ashe ba sai na je coci ba. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu daina taruwa, Yesu kansa ya saba shiga majami'a ran Asabar. A taron ne ake tuna mana wanda za mu bauta wa daga Litinin zuwa Asabar.