Harshe da magudanar ruwa: labarin Hispano na Niyu Meziko

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana kan 'ya'yanmu da harshen Hausa a ƙasar nan. Bari in kawo labarin wasu da suka riga mu ganin abin da muke tsoro.

A arewacin jihar Niyu Meziko da kudancin Kolorado, a Amurka, akwai al'ummar da ake kira Hispano. Kakanninsu, masu jin Sifaniyanci, sun iso a 1598 tare da jagoransu Juan de Oñate, aka kafa garin Santa Fe a 1610, tun babu ƙasa mai suna Amurka. Ba da lallami suka shigo ba, a faɗi gaskiya: mutanen Pueblo, 'yan asalin wurin da suka tarar, sun sha wuya har suka kore su a 1680, sai a 1692 suka dawo. Suna zaune a gonakinsu aka mai da su 'yan Meziko a 1821, a 1848 kuma, bayan yaƙi, aka wayi gari ƙasarsu ta koma hannun Amurka.

Sifaniyancinsu, mai ɗauke da tsofaffin kalmomi, ya rayu shekaru ɗaruruwa, amma yanzu yana ja da baya. Waɗanda aka hukunta a makaranta don sun yi harshen gida, da suka haihu sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu, wai don kada su sha irin wahalar. Yau kaka na magana, jika na amsawa da Turanci. Ai kun san wannan, ba sai na nuna gidan kowa ba.

Abin da bai mutu ba shi ne acequia, magudanan ruwan da suke ban ruwa da su. Kowace shekara kafin a saki ruwa, duk mai rabo zai fito da shebur a yi yasa, ko ya turo wakili, ko ya biya. Suna zaɓar mayordomo, shi ke raba ruwan. Gayya ce sosai, kuma dokar jihar ta san da ita. A ganina bambancin ke nan: harshen an bar wa kowane gida ya yi yadda ya ga dama, ruwan kuwa yana da rana, yana da mai kira, yana da tara.

Don haka, ranka ya daɗe, ajin Hausa na ranar Asabar da muke ta ɗagawa, ina roƙon a sa masa rana yau, a naɗa mai kula da shi, a kuma yanka abin da gidan da bai kawo yaro ba zai biya. Takarda na hannun sakatare, a rubuta sunayen yara kafin a tashi cin abinci.

Na gode. Wassalamu alaikum.