Iska, Danshi da Wutar da Ta Kwanta: Lacca Kan Kafa Na'urar Jan Zafi da Gyaranta

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa masu aikin na'urorin sanyaya ɗaki da ɗumama shi.

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu sana'a, da ku ƙannenmu masu koyo, barkanku da zuwa.

Na'urar nan da ke gabanmu ta kasu gida biyu, kashi ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje, bututun jan ƙarfe biyu ke haɗa su. Duk wanda ya taɓa kafa esi zai ce ai ya san ta. Ya yi gaskiya, amma da saura. A kashin waje akwai wani bawul mai baki huɗu da ke juya hanyar gas, wato sinadarin da ke zagayawa cikin bututun yana ɗaukar zafi. Lokacin zafi ta kwashi zafin ɗaki ta zubar waje, lokacin sanyi kuma ta tsamo zafi daga iskar waje ta kawo ciki. Shi ya sa ake ce mata na'urar jan zafi. Dakon zafin take yi, kuma da kilowat 1 na lantarki takan kawo kilowat 3 zuwa 4 na ɗumi, muddin sanyin waje bai tsananta ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, abubuwan da ke kashe wannan na'ura, su kuma raunata mai aiki, ido ba ya ganinsu: iskar da ta shiga bututu, danshin da ya biyo ta, da wutar da ta kwanta bayan an kashe makunni.

Maganar rataye ta ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A sa lebur a kan farantin bango. Hudar bango ta karkata ƙasa ta wajen waje da kamar milimita 5 zuwa 7, kuma kafin a huda a tabbata babu waya ko bututun ruwa a wurin. Tiyon ruwa ya riƙa gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Kashin waje kuwa a ɗaga shi daga ƙasa, domin idan tana ɗumama ɗaki, shi ne ke zubar da ruwa. Inda sanyi ke da tsanani ƙanƙara kan kama shi, sai na'urar ta tsaya ta narkar da ita na 'yan mintoci, fankar ciki ta yi shiru, tururi ya tashi a waje. Wannan ba lalacewa ba ce, ku gaya wa mai na'urar tun da wuri. Idan kashin yana zaune a ƙasa, ruwan nan zai daskare ya taru har ya kai ga fanka.

To, mu zo kan bakin bututu, inda mafi yawan yoyo ke farawa. A yanka da abin yankan bututu, kada a sa zarto, domin garin ƙarfe zai faɗa ciki. Idan za a kankare bakin, a kifa shi ƙasa don ɓurɓushin ya zubo waje. A zura noti tukuna, sannan a buɗe bakin ya yi kamar bakin kakaki. Ku ɗaga shi ku duba a haske: ya zama sumul yana sheƙi, babu tsaga, babu gefen da ya fi wani faɗi. In akwai ko da ɗan karce, a yanke a sake. Daga nan a ɗaura notin da hannu zagaye uku ko huɗu, ya shiga ba tare da gardama ba, sannan a kawo sifana biyu, ɗaya na riƙe, ɗaya kuma mai auna ƙarfin ɗauri. Ƙaramin bututu mai milimita 6.35 yana son ƙarfin ɗauri kimanin niyuton-mita 14 zuwa 18. Mai 9.52 yana son 34 zuwa 42, mai 12.7 kuma wajen 50 zuwa 60. Idan takardar kamfanin ta faɗi wani adadi daban, nata za a bi. Na san da yawanmu sun yarda da ƙarfin hannunsu, amma hannu ba ya ƙidaya. Ɗaurin da bai kai ba zai yi yoyo nan take. Wanda ya wuce kima ya fi mugunta, domin yana matse bakin jan ƙarfen ya sirance, sai bayan watanni na zafi da sanyi ya tsage, alhali mai aikin ya daɗe da tafiya.

In aikin ya kai ga walda, a riƙa hura naitirojin a hankali ta cikin bututun yayin da wuta ke kansa. In ba haka ba, baƙar ƙura za ta fito a cikinsa, gas ya kwashe ta ya kai ta ƙaramin bawul ɗin da ke rage matsi, ta toshe shi. Kuma kowane bututu a sa masa rigarsa ta soso daban, har kan notin.

Sai gwajin yoyo. Da busasshen naitirojin ake yinsa, shi kaɗai. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya sa oksijin ko iskar kwampireso a cikin waɗannan bututu. Oksijin idan ya haɗu da man na'ura a ƙarƙashin matsi, fashewa yake yi. Tukunyar naitirojin kanta tana ɗauke da matsin da ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), saboda haka ba a buɗe ta sai da regileta, wato abin daidaita matsi. Bawul biyu na kashin waje su kasance a rufe. A hau a hankali: bar 5, a tsaya a saurara, bar 15, a sake tsayawa, sannan a kai adadin da ke rubuce a jikin na'urar, wanda a yawancin masu aiki da gas nau'in R410A da R32 yake wajen bar 41. A shafa kumfar gwaji a kowane haɗi, a bar shi ya zauna. Ku lura da zafin wurin lokacin da kuka fara, domin sauyin digiri 1 yakan motsa allura da kamar bar 0.1, kada ku ɗauke shi yoyo.

Yanzu ga wurin da sauri kan haifi nawa, wato zuƙe iska. Akwai masu buɗe bawul kaɗan su ce gas ya kori iskar da ke ciki. Wannan ɓarnar gas ce, kuma danshin yana nan daram a jikin bututu. Man da ke cikin waɗannan na'urori mai shan danshi ne ƙwarai. Idan ya sha, sai ya koma asid, asid ɗin ya ci rufin wayar da ke naɗe a motar kwampireso, wato injin da ke matse gas a kashin waje. Ba ranar zai mutu ba, shi ya sa mutane ba sa danganta mutuwar da ranar kafawa. Wani danshin kuma yakan daskare a bawul ɗin rage matsi. Ita kuwa iska ba ta komawa ruwa kamar yadda gas ke yi, sai ta tsaya tana ɗaga matsi, kwampireso na zafi, wuta na tafiya.

Famfon bakum, wato injin zuƙe iska, yana rage matsi har ruwa ya tafasa ba tare da wuta ba. Matsin iskar da muke shaƙa yana daidai da maikiron 760,000, maikiron kuwa ma'aunin ƙaramin matsi ne. A zafin digiri 25, ruwa kan fara tafasa a wajen maikiron 24,000. Mu kuma 500 muke nema. Allurar geji na yau da kullum ba ta iya bambance 5,000 da 500, duka a ƙasa za ta kwanta, don haka sai da gejin maikiron, kuma a haɗa shi kusa da na'urar, nesa da famfon. Idan an kai 500, a rufe hanyar famfon a zuba ido minti 10 zuwa 15. In adadin ya ɗan tashi ya tsaya ƙasa, aiki ya yi. In ya haura 1,000 sannan ya tsaya, akwai sauran danshi, a ci gaba da zuƙa. In kuwa ya yi ta hawa ba tsayawa, yoyo ne, a koma kan noti. Sai bayan wannan za a sa alanki, wato ɗan mabuɗin nan mai kusurwa shida, a buɗe bawul ɗin ƙaramin bututu, sannan na babba, har ƙarshe, a mayar da murafensu a ɗaure, domin su ma suna cikin abin da ke tare yoyo.

Gas ɗin da na'urar ta zo da shi na wani tsawon bututu ne da kamfani ya ƙayyade. Idan an wuce, akan ƙara kamar giram 20 a kowace mita a ƙananan na'urori, gwargwadon abin da takardar ta ce, kuma a kan sikeli ake ƙarawa. R410A gauraye ne na R32 da R125 rabi da rabi, don haka a ruwansa ake ɗura shi. Ku sa safar hannu da tabarau, domin ruwan waɗannan gas yana tafasa a wajen digiri 51 ƙasa da sifili, yana ƙona fata kamar wuta. Ya fi iska nauyi, a ƙuntataccen wuri yakan kwanta ƙasa ya kore iskar numfashi. R32 yana kama wuta ko da yake ba da sauri ba, kuma idan harshen wuta ya taɓa shi yana fitar da hayaƙi mai guba. R290 kuwa furofen ne tsantsa, irin gas ɗin girki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kada a ɗura wa na'ura gas ɗin da ba nata ba.

Lantarki. A ba ta layinta da birekarta, a haɗa wayar ƙasa kafin kowace waya, a sa abin katse wuta mai aiki a miliyamfa 30. Lambobin da ke kashin ciki su dace da na waje, 1 da 1, 2 da 2, 3 da 3. Lokacin gyara, a kashe, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun mai aikin, sannan a auna da mita. Na'ura mai inbata, wato mai sauya gudun kwampireso, tana da manyan kafasita, abubuwan da ke adana wuta, da ke riƙe sama da bolt 300 bayan an cire wuta. A jira minti 10, a auna, sai an ga ƙasa da bolt 50 a kai hannu.

Kula ta yau da gobe mai sauƙi ce. A wanke rariyar iska duk mako biyu idan ana amfani da ita sosai, a wanke haƙarƙarin waje da ruwa marar ƙarfi don kada ganyen ƙarfen ya lanƙwashe, a zuba ruwa a tire a ga ya fita. A auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, a sanyaya ya kamata a sami bambancin digiri 8 ko fiye. Ba kowane zuwa ake ɗaura geji ba, domin duk ɗaurawa gas na bin tiyo. Kuma gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, akwai inda yake fita, sau da yawa za ku ga danshin mai a wurin. Ƙarawa ba tare da toshe yoyon ba zalunci ne ga mai na'urar. Sakinsa a sarari ma laifi ne a ƙasashe da yawa: kilo 1 na R410A yana ɗumama duniya kamar kilo 2,088 na iskar kabon, na R32 kuma kamar 675, dalilin da ya sa aka yi gyaran Kigali na 2016 ga yarjejeniyar Montreal ta 1987. A kwashe shi da injin kwasa a zuba a tukunyarsa.

Wani ɗan'uwa daga baya yana tambaya game da mayar da gas cikin kashin waje idan za a cire na'urar. Madalla, domin nan ne ake samun haɗari mafi muni. A kunna ta a kan sanyaya, a rufe bawul ɗin ƙaramin bututu, a zuba wa geji ido. Da allura ta kusa sifili, a rufe na babba, a kashe na'urar nan take. Sai kwampireso ya tsaya cik sannan a kwance noti. Idan aka kwance bututu yana aiki, bawul kuma a buɗe, zai zuƙi iska ya matse ta tare da mai da gas, zafi ya hau, cakudar ta kama da kanta kamar yadda injin dizal ke yi, ƙarfen ya tarwatse a gaban mai aikin. Haka nan idan an riga an san na'urar tana yoyo, kada a yi wannan dabarar sam, domin iska za ta shiga ta wurin yoyon. A kawo injin kwasa. Bayan an cire bututun kuma, a toshe bakunansu da murfi kafin a ajiye su.