MGB: Fuska Ɗaya, Bodi Daban-daban

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi motocin nan biyu da ke gabanku. Dukansu MGB ne, wato ƙaramar motar kamfanin MG, dukansu daga masana'antar Abingdon ta ƙasar Ingila suka fito. Amma in ka ciro madigadin gaban wannan ka ce za ka ɗaura wa waccan, sai fanal-bita ya yi maka dariya.

An fara ƙera MGB a 1962, aka daina a 1980, kuma an yi fiye da rabin miliyan. Abin da ya kamata a fara sani shi ne motar ba ta da shasi daban. Wadda ta gabace ta, MGA, bodi ne aka ɗora bisa firam. Ita kuwa MGB bodin ne kansa ke ɗauke da inji da giya da ƙafafu. Shi ya sa duk wani canji da kamfanin ya yi a cikin shekarun nan 18, sai ka ga alamarsa a jikin ƙarfen.

Mu fara da ƙofa. Motocin farko, har zuwa farkon 1965, hannun ƙofarsu ja ake yi. Daga baya aka koma na dannawa, makulli da maƙalinsa suka canza, saboda haka ƙofofin ba sa musanya kai tsaye. A shekarar ce kuma aka fito da GT, mai rufin ƙarfe da ƙofa a baya, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya sa hannu a zanenta. Gilashinta na gaba ya fi na MGB ta asali, marar rufin ƙarfe, tsayi, don haka madigadin gaba ma ya bambanta a daidai inda ya haɗu da gindin gilashin. Daga nesa ba za ka gane ba. Sai an zo ɗauri.

Yanzu ku leƙa ciki, tsakanin kujeru biyun. A 1967 an sa sabon giyabos, aka kuma ba mai so damar sayen mai canza giya da kanta. Dole aka faɗaɗa tudun nan da giya ke bi ta ƙarƙashinsa. Duk wanda ya so sa sabon giyabos a tsohon bodi, sai guduma ta yi aiki.

MGC kuwa, wadda aka yi daga 1967 zuwa 1969, ita ce ta fi yaudarar ido. In ban da kumburin da ke kan bonet, sai ka rantse MGB ce. Amma injinta mai silinda shida ne, kusan lita uku, dogo kuma mai nauyi, alhali na MGB silinda huɗu ne, 1798cc. Wuri bai ishe shi ba. Sai da aka sake ƙarƙashin gaban motar, aka cire sifirin mai naɗi aka sa doguwar sandar ƙarfe mai murɗawa. Daga ƙofa zuwa baya 'yan'uwa ne, daga nan zuwa gaba kowa da gidansu.

Sai babbar rigimar, wato bamba. A ƙarshen 1974 dokar Amurka, inda akasarin motocin ke zuwa, ta sa aka cire bambar ƙarfe mai sheƙi aka ɗora ƙatuwar baƙa ta roba, aka kuma ɗaga motar sama kaɗan. Masoya MG har gobe suna guna-guni, kuma ni ma ina ganin ta rage wa motar kyau. Mutane da yawa kan sayi mai bambar roba, da yake ta fi araha, su mayar da ita ta ƙarfe. Ba aikin sifana kaɗai ba ne. Sai an yanke maƙalan bambar, an buɗe wa fitilun sigina gurbi a madigadi, an yi waldar guntun ƙarfen da babu a ƙarƙashin fitilun baya, sannan a sauke motar ƙasa.

To amma wannan bodin da ake rainawa yana da abin da na da ba shi da shi. Ɗakin injinsa ya gaji gyaran da aka yi wa MGB GT V8 ta 1973, mai injin Rover lita 3.5. Shi ya sa masu son dasa V8, wato inji mai silinda takwas, shi suke nema.

Duk wadda za ka duba a cikinsu, durƙusa ka taɓa dokin ƙofa. Falle-falle ne na ƙarfe a haɗe, kuma nan ne ƙarfin motar yake, musamman marar rufi. In tsatsa ta ci shi, motar kan lanƙwashe a tsakiya, ka ga tazarar ƙofa ta tsuke ta sama. Ɗan maganaɗisu zai tona maka inda aka cusa fila aka bi da fenti.

In kuma bodin ya wuce gyara, akwai mafita. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodin MGB da ainihin injinan matse ƙarfe na asali, kuma a kan irin bodin ne aka gina MG RV8 a 1992. Kafin ka yi oda, ka tanadi lambar motarka da shekarar da aka ƙera ta, ka kuma faɗi irin giyabos ɗin da za ka sa.