Darasi: Zaga Hokkaido da motar haya, ana tafe ana ɗanɗana girkin Japan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu shirin zuwa Japan ne su da yawa, iyali ko abokai, da suke so su ɗauki hayar mota su tuƙa da kansu. Tsibirin Hokkaido za mu ɗauka, can arewacin ƙasar, domin shi na zaga, mu shida, kuma a ganina shi ya fi yi wa baƙo sauƙi. Titunan da faɗi, cunkoso kaɗan ne, abinci kuwa sai wanda ya gani.

Mu fara da takarda. Tun daga gida za ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma ka duba bangonsa da kyau, don wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Geneva ta 1949 shi Japan ke karɓa. Na Vienna, na 1968, ba ya aiki a can. Ka haɗa da lasisinka na gida da fasfo. Duk wanda zai taɓa sitiyari a cikinku, a rubuta sunansa a ofishin haya, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba.

In kun kai shida, ku ɗauki mai kujera takwas, don akwatuna ma wuri suke ci. Ku nemi katin ETC na biyan kuɗin babbar hanya. Sannan a kula, hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Alamar tsayawa tasu ja ce mai kusurwa uku, tsininta yana kallon ƙasa, kuma tsayawa ake yi cak. Haka ma duk mararrabar layin dogo, ko babu jirgi. A gidan mai, jan hannun famfo shi ne fetur na yau da kullum, kore kuwa dizal ne, suna ce masa keiyu. Kada a kuskure.

To, mu zo kan abin da ya fi damuna, wato ciki. Shawarata ita ce ku fara tsara inda za ku ci, sannan ku zana hanya a kai. Akwai zangon gefen hanya da suke kira michi-no-eki, an fara su a 1993, yanzu sun haura dubu a faɗin ƙasar. Wurin ajiye mota kyauta, banɗaki tsaf dare da rana, kuma manoman yankin ke kawo amfanin gonarsu. A irinsu muka ci masara dafaffiya mai zaƙi kamar an barbaɗa sukari, da dankalin turawa mai zafi da man shanu, da ayis kirim na madarar shanun yankin. A watan Yuli, tsakanin garuruwan Furano da Biei, ga gonakin furen labanda, ga kankanar nan tasu mai jan ciki ana sayarwa yanka-yanka. Wanda ya hau jirgin ƙasa wuce su zai yi ta taga.

Daga Sapporo, babban birnin tsibirin, zuwa Otaru kusan kilomita 40 ne, kuma Otaru garin kifi ne. Can za ku ga kaisendon, farar shinkafa da ɗanyen kifi da ƙwan kifi a kai. Na san da yawanmu jin ɗanye kaɗai ya isa ya tayar mana da zuciya. Kada a tilasta wa kowa. A ce a kawo hokke, gasasshen kifi ne mai maiƙo, da gishiri kawai ake gasa shi, ban ga wanda ya bar saura a cikinmu ba.

Yanzu ku saurara da kyau, 'yan'uwana Musulmi. Taliyar ramen da Sapporo ta yi suna da ita, yawanci da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da ba ka ga nama a kwano ba. Butadon na garin Obihiro kuwa alade ne zalla. Akwai kuma mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya da yawa. Ka riƙe kalmomi uku: buta, wato alade; sake, wato giya; sai mirin. Ka sa a rubuta maka su da rubutun Japananci a wayarka, ka nuna wa mai abinci. Za su duba maka da gaske, wani har kicin zai shiga ya tambayo. Jingisukan, gasasshen naman rago da albasa a kan kaskon ƙarfe mai doro, zai tuna maka da balangu, amma a nemi gidan da ke da shaidar halal, don batun yanka da na miyar da ake tsomawa. Akwai masallaci a Sapporo, mutanen wurin sun san inda ake samun na halal.

Tafiyar taro sai da tsari. A naɗa ma'aji, kowa ya zuba kasonsa na mai da kuɗin hanya. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna wasu ba sa karɓar kati. A gidan abinci kowa ya yi odar kwano ɗaya daban, sai a yi ta ɗanɗanawa. Ku isa kafin ƙarfe biyu, da yawa suna rufewa har yamma. Ba a ba da tukwici, kuma kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don wa mamaci suke yin haka.

Da rani rana tana fitowa wajen ƙarfe huɗu, saboda haka ku duba lokacin asuba tun da dare. Ku yi sammako, ku sauka kafin magariba, lokacin ne barewa ke tsallaka titi. Ranar mayar da mota, a cika tanki a gidan man da ya fi kusa da ofishin hayar, a riƙe rasit, don sukan ce a nuna.