Agogon da ke cikin kai: me ya sa yaronka ke gyangyaɗi a aji?

Assalamu alaikum jama'ar Zongo, na Kumasi da na sauran garuruwa.

Ƙarfe 4 da rabi na asuba a Aboabo. Mai koko ta riga ta hura wuta, ƙosai ya fara ƙamshi a kasko, ladan yana gyaran murya. A wani ɗaki kuma uwa ce tsaye a kan ɗanta mai shekara 16. Ta kira sunansa sau uku, ta yaye masa mayafi, ya tashi zaune idonsa a rufe. Ya yi salla, ya sha koko, ya kama hanyar makaranta. Kafin ƙarfe 9 ya kifa kai a benci. Malam ya ce rago ne, uwa ta ce ba ya jin magana. Ni dai ina roƙon mu saurari jikin yaron nan tukuna, domin akwai agogo a cikin kansa, kuma a lissafin agogon gari bai waye ba.

Ba salon magana nake yi ba. A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan dunƙule na ƙwayoyin halitta kusan 20,000, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Shi ke tsara lokacin da zafin jiki zai sauka, da lokacin da hankali zai yi kaifi, da lokacin da za a saki melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki cewa dare ya yi.

Yaya aka gane haka? A 1962 wani matashin Bafaranshe, Michel Siffre, ya shige wani kogo a tsaunukan Alps ya zauna wata biyu, ba rana, ba agogo. In ya farka, ko zai ci abinci, ko zai kwanta, sai ya buga waya ga abokan aikinsa a bakin kogon su rubuta. Ranar 14 ga Satumba suka ce masa lokaci ya cika, shi kuwa a ƙirgensa 20 ga Agusta ce. Lissafin kansa ya ɓace sarai, amma jikinsa bai ɓace ba: barci da farkawa sun yi ta zagayowa kusan duk awa 24 da rabi. A 1999 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka auna da kyau, suka samu awa 24 da minti 11 a matsakaici. Su Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kuwa a jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba suka tono asirin: wani furotin ne ke taruwa a cikin ƙwayar halitta da dare, ya narke da rana, haka kullum. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2017.

To, ku riƙe minti 11 ɗin nan. Agogon yawancinmu yana ɗan ja baya kowace rana, sai an saita shi, kuma haske ke saita shi. Hasken safe yana jawo shi gaba, hasken dare yana tura shi baya.

A 2013 wani masani a Colorado, Kenneth Wright, ya kwashi mutum 8 ya kai su daji mako guda. Ba tocila, ba waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo aka auna, melatonin ɗinsu ya fara fita kusan awa 2 kafin lokacin da ya saba. Duk wanda ya ga zamanin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a 2015 ya ɗanɗani irin wannan. Wahala ce, ta karya jarin mutane da yawa, ba mai fatan ta dawo. Amma ku tuna daren da ba wuta: bayan Isha unguwa ta yi tsit, kafin 9 yara sun baje a tabarma ba wanda ya tsawata musu.

Mu a Gana Allah ya yi mana wata baiwa da ba mu cika lura da ita ba. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen 6 ta faɗi wajen 6, rani da damina bambancin kaɗan ne. Ɗan'uwanmu da ke Hambog ko Landan a watan Disamba cikin duhu yake fita aiki, cikin duhu yake dawowa. Mu safiyarmu tsayayya ce. Asuba ba ta motsi, kasuwar Kejetia ba ta jiran kowa, ƙararrawar makaranta haka. Abin da ya motsa shi ne darenmu. Mun ja shi har 12, har 1, da ƙwallon Turai da hirar WhatsApp da TikTok, sa'an nan muna so mu tashi a lokacin da kakanninmu ke tashi, su da ke kwanciya jim kaɗan bayan Isha.

Game da waya, kada mu ɗora wa haskenta laifi duka. A wani gwaji na 2015 an sa mutum 12 karatu a iPad awa 4 kafin kwanciya. Melatonin ya makara da kusan awa ɗaya da rabi, amma barcin kansa da minti 10 kawai ya jinkirta. A ganina abin da ke cikin wayar ya fi haskenta ɓarna: bidiyo ya ƙare wani ya hau, ka ce saura ɗaya, sai ka ji zakara.

Mu koma kan yaronmu na Aboabo, don nan ne abin ya fi damuna. Da balaga ta zo, agogon jiki yana komawa baya da kansa. Till Roenneberg na Jami'ar Munik a Jamus ya bi bayanan dubban mutane, ya nuna cewa wannan jinkiri yana ta ƙaruwa har wajen shekara 20, daga nan ya fara juyowa. Yaron da a da ƙarfe 8 ke yi masa a kwance, yanzu har 11 idonsa biyu, alhali likitocin barci sun ce matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10. In ya kwanta 12 ya tashi 4 da rabi, awa nawa ya samu? A birnin Siyatil na Amurka, a 2016, an mayar da shiga ajin 'yan sakandare daga 7:50 zuwa 8:45. Barcin ɗalibai ya ƙaru da minti 34, makinsu ya tashi, makara ta ragu. Mu ba za mu ɗaga asuba ba, ba ma so. Ke nan a dare gyaranmu yake.

Malaman makarantar allo da iyayen masu shirin jarrabawar WASSCE, ga taku. Ku dubi 'yar kasuwa da yamma, tana kwashe kaya daga tebur tana jerawa a sito don gobe ta sami wurin sabbi. Haka ƙwaƙwalwa take yi cikin barci. A 1994 an ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera suna maimaita cikin barci irin bugun da suka yi lokacin da yake zagaya wuri yana farke. Wato tilawa ce ake yi kana kwance. Yaron da ya biya haddarsa bayan Magariba, ya yi barci isasshe, ya sake bita bayan asuba, ya fi wanda ya kwana yana tauna goro a kan littafi. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin Isha da hira bayanta.

Goro da ataya duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma bayan kusan awa 5 rabinsa yana nan a jini. Samarin majalisar ataya, a dawo da zagaye na uku kafin La'asar.

Manya ma ba su tsira ba. Wani bincike da aka buga a 2024 ya bi mutum fiye da 60,000 a Birtaniya da na'ura a wuyan hannu. Masu kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum sun fi ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, kuma wannan daidaito ya fi yawan awannin barcin nuna alama. Alaƙa ce aka gani, ba hukunci ba, amma ta isa a kula. Ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobin da ke kwana a hanyar Tamale ba su da zaɓi, abincinsu ke nan. Su a taimake su da labule mai kauri da shirun tsakar gida in sun dawo.

To Hajiya, me za ki yi wa yaron? Bayan Isha a rage fitilu. Ƙarfe 9 a tara wayoyin gida a wuri ɗaya, har da ta Alhaji. Da gari ya waye ya fita ya sha rana, ko da tafiya ce zuwa bakin titi, domin hasken waje ko da hadari ya ninka na ƙwan lantarki nesa ba kusa ba. Asabar da Lahadi kada lokacin tashi ya yi nisa da na sauran kwanaki, in barci ya taru a biya da ƙailula gajera bayan Azahar. Daren farko zai yi ta juyi a katifa, kada ki ce abin bai yi ba. Agogon jiki ba ya matsowa fiye da kamar awa ɗaya a rana, ki ba shi mako biyu. In kuwa bayan haka yana minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, a kai shi asibiti likita ya duba shi.