Gaskit ɗin top ya ƙone: na buɗe injin dizal ɗina a gareji

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau babu fita, a gareji za mu yini. Tururin da kuke gani yana fita daga bakina sanyin ƙasar nan ne, amma dole ƙofar ta zauna a buɗe, domin ba a tayar da injin a rufaffen wuri.

Ga motar nan: Golf ce ƙirar 2002, injin dizal 1.9 TDI, silinda huɗu. Shekara shida tana kai ni aiki tana dawo da ni, ba ta taɓa barina a hanya ba. Mako uku da suka wuce wani tsohon tiyo na ruwa ya tsage ina kan babbar hanya, allurar zafi ta haura, na ci gaba da tafiya na ƴan mintuna kafin in sami wurin tsayawa. Waɗannan mintunan ne suka jawo aikin da za ku gani yau. Na canza tiyon, na cika ruwa, amma tun daga ranar ruwan yake raguwa, ƙasa kuwa babu ko ɗigo.

Bari in matso da kyamara. Injin ya kwana bai tashi ba, amma ku ga wannan babban tiyon na lagireto, na matsa shi, tauri kamar an hura masa iska. Wanda ya kwana cikin sanyi ya kamata ya yi laushi. Idan na tayar, kumfa tana tasowa a cikin tankin ruwa ɗaya bayan ɗaya, hita ta daina ba da ɗumi, salansa kuma tana fitar da farin hayaƙi mai ɗan zaƙin ƙamshi wanda ba ya ɗaukewa ko injin ya yi zafi.

Waɗannan alamun sun sa na yi zargin gaskit ɗin top ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (murfin injin) da bulok (gangar jikin injin), wadda ke hana wuta, ruwa da mai haɗuwa. Duk da haka ban yarda in kunce ko noti ɗaya ba sai da na tabbatar. Farin kumfan nan mai kama da madara da ake gani a murfin baƙin mai ba hujja ba ce a ƙasar sanyi. Gajeriyar tafiya kaɗai tana kawo shi. Kuma a motocin dizal da yawa akwai na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayar wa injin, idan ta fashe ita ma tana shan ruwa, tana ba da farin hayaƙi. Mutum sai ya buɗe injin a banza. Abin da ya raba gardama shi ne wannan ƴar kwalbar. Ruwan cikinta shuɗi ne, ana ɗora ta a bakin tankin ruwa, a zuƙo iskar da ke ciki. Idan hayaƙin ƙonewa yana shiga ruwa, launin zai juya, a dizal yakan koma kore. Ku duba da kanku. Ya koma kore.

To, bismillah. Na cire batir, na zubar da ruwan injin a roba mai murfi, saboda ruwan nan guba ne kuma zaƙinsa yana jan kyanwa da kare. Kowace waya na cire sai na liƙa mata takarda na rubuta lamba, kowane rukunin notuna da jakarsa. Wannan ɓangaren zan gudu da shi, domin cire tiyo da wayoyi da bututan nozul ba wani abin kallo ba ne, haƙuri kawai yake so.

Inda nake so ku tsaya ku kalla shi ne taimin, wato daidaita lokacin motsin fistin da bawul, wanda bel ke riƙewa. Kafin bel ya sauka, na juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, ga alamar nan a jikin filawil ta wannan ƴar tagar da ke saman giyabos. Na kulle kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da farantinsa ta baya, na soka fil a famfon mai. Waɗannan ƙarafan kullewar ba ado ba ne. A wannan injin, bawul da fistin wuri ɗaya suke ratsawa, lokaci kawai ya raba su. Idan bel ya kauce daga wurinsa, za su iya yin karo.

Notunan top guda goma ne, kansu mai haƙora goma sha biyu, don haka sai da soket ɗinsu na musamman. Ana kuncewa daga gefe a nufi tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Na kira maƙwabcina ya kama mini, domin top da kayan da ke jikinsa ba nauyin mutum ɗaya ba ne, kuma idan ka ja shi a kan bulok za ka karce fuskar. Allah ya saka masa da alheri.

Alhamdu lillahi, ga ta nan. Ku ga silinda na uku. Kan fistin ɗinsa fes, kamar an wanke, sauran ukun baƙi ƙirin da toka. Tururin ruwa ne ya wanke shi. Ga kuma baƙin layi a jikin gaskit, daga bakin silinda ya miƙe zuwa ramin ruwa. Ta nan wuta take ɓullawa.

Mun kwana, yau rana ta biyu, kuma a ganina yau ce ranar aikin. Mutane suna ɗauka canza gaskit shi ne a cire tsohuwa a sa sabuwa. Wallahi wannan shi ne mafi sauƙi a ciki. Aikin gaskiya awo ne da tsafta.

Bulok ɗin nan baƙin ƙarfe ne, top kuwa alminiyom. Idan zafi ya yi yawa, alminiyom ya fi saurin buɗewa, sai ya lanƙwashe kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba zai gani ba. Shi ya sa na kawo wannan miƙaƙƙen ƙarfen da ƴan siraran ganyayyakin awo. Ina ɗora shi a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, ina gwada cusa ganyen a ƙarƙashi. Littafin motar ya ce kada lanƙwasar ta wuce milimita 0.1, kusan kaurin takarda ke nan. Nawa, ganyen 0.05 ya ɗan shiga a tsakiya, na 0.1 ya ƙi. Na ji sanyi a raina, domin littafin bai yarda a aske fuskar top ɗin wannan injin ba. Duk da haka na kai shi wurin masu gwaji, suka toshe ramukan ruwa suka danna masa iska a cikin ruwan zafi don neman tsagewa. Babu. Wannan abu ɗaya ne da ba zan iya yi a gida ba, kuma ba zan tsallake shi ba.

Yanzu ga abin da ya bambanta dizal da fetur, don Allah ku saurara da kyau. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Wannan injin yana matse iskar sau 19.5, na fetur kuwa yawanci kusan sau 10 ne. Don a sami wannan matsi, fistin yana hawa har ya ɗan leƙo sama da fuskar bulok. Ku ga, ina shafa shi da yatsa, ya fi bulok tudu. Ke nan kaurin gaskit shi ne yake tsare fistin daga dukan top da bawul. Shi ya sa gaskit ɗin wannan injin kala uku ce, ana gane su da ƴan ramuka a gefe: mai rami ɗaya, mai biyu, mai uku. Idan fistin ya leƙo da milimita 0.91 zuwa 1.00, mai rami ɗaya. Daga 1.01 zuwa 1.10, mai biyu. Daga 1.11 zuwa 1.20, mai uku. Tsohuwar tawa mai rami biyu ce, kuma tunda ban taɓa fistin ba, ita zan mayar. Amma motar ba sabuwa na saye ta ba, wani hannu zai iya kasancewa ya shiga kafin nawa. Na ɗora agogon awo na auna duka huɗun, wanda ya fi tsawo ya ba ni 1.06. Mai rami biyu ce, hankalina ya kwanta.

Sai tsafta. Na toshe silindoji da ramukan mai da tsumma, ina kankare ragowar tsohuwar gaskit da makankarin roba, a hankali. Ina roƙonku kada ku sa faifan gurza a na'ura ku bi ta kan fuskar nan. Yana cin ƙarfe ba daidai ba, ƙurarsa kuma tana gangarawa cikin baƙin mai ta cinye metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu. Awa biyu na yi a nan, bayana ya gaya mini, amma ku ga yadda fuskar take sheƙi. Ramukan notuna goman nan kuma, kowanne sai da na tsotse ruwa da man da ya zuba a ciki na busar. Idan ka ɗaure noti a kan ruwa, ruwa ba ya matsuwa, bulok ɗin ne zai tsage.

Na juya karanshaf baya kaɗan don fistin duka su sauka daga sama. Sabuwar gaskit sai yanzu na fitar da ita daga ledarta, rubutunta yana kallon sama, babu gam, babu giris. Top ya zauna. Notunan sababbi ne dal, domin irin waɗannan miƙewa suke yi idan an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a fita gefe. Zagayen farko, ma'aunin ƙarfin ɗauri na sifana a kan 40 Nm. Na biyu, 60. Sannan kwatan juyi, digiri 90, a kan kowanne. Sannan wani kwatan. Ina ɗiga wa kowane noti farin fenti don kada in manta wanda na juya. A kwatan ƙarshe za ka ji notin yana miƙewa a hannunka, gabanka ya faɗi. Haka aka ƙera shi, ka ja a tafi ɗaya kada ka tsaya a rabi. Waɗannan lambobin na wannan injin ne, kowa ya duba littafin motarsa.

Tunda hanya a buɗe take, na sa sabon bel na taimin, sabon famfon ruwa da sabon tamostat, na kuma canza duk tiyon da ya yi shekarun wanda ya fashe. Na cire ƙarafan kullewa, na juya injin da hannu zagaye biyu cur. Babu inda ya cije, alamomin sun dawo daidai. Sabon baƙin mai da filta, sabon ruwa irin wanda littafin ya ce. Na sassauta notunan bututan nozul don iska ta fita, na rufe su da tsumma, hannuna nesa, domin man dizal mai matsi yana huda fata. Mai ya fito, na ɗaure.

Bismillah, ga makulli. Ya ja... ya ja... ya kama! Ku ji shi. Ɗan hayaƙin nan ragowar ruwan da ke cikin salansa ne yake ƙonewa. Hita a buɗe take har ƙarshe, ina ƙara ruwa yayin da iska ke fita. Allura ta hau 90 ta tsaya cak, ɗumi yana busowa a ƙafata.

Rana ta huɗu ke nan da safe, jiya na yi kilomita 60 da ita. Ban tayar ba tukuna, tare za mu duba. Ruwa yana nan a kan layin da na yi wa alama da fenti. Ga tiyon lagireto, ku ga yadda yake lotsawa a tsakanin yatsuna. Daga nan na tayar, na sake ɗora kwalbar nan bayan injin ya yi zafi, na zuƙa sau goma sha biyar, ruwan yana nan shuɗi. Saura in haɗa kwamfuta in daidaita lokacin famfon mai, shi ne bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu.